Yadda ake shirya motar da ta haura shekara 60 domin tseren Goodwood

A duk watan Satumba, mutane kimanin 150,000 kan yi tururuwa zuwa Goodwood, kusa da garin Chichester a kudancin Ingila, domin kallon tseren motocin da galibinsu suka girmi masu tuƙa su. Kwana uku ake yi ana wannan biki da ake kira Goodwood Revival, kuma motocin da ake gayyata irin waɗanda suka yi tashe ne a zamanin da filin yake aiki, wato daga 1948 zuwa 1966.

Filin titi ne mai kwalta, tsawonsa kilomita 3.8, mai kwanoni dama da hagu. Asalinsa hanya ce da ta kewaye wani sansanin jiragen saman yaƙi na Birtaniya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An rufe shi ga gasa a 1966 saboda gudun motoci ya fara fin ƙarfinsa, aka sake buɗe shi a 1998 ba tare da an sauya fasalinsa ba.

Mai kallo zai iya ɗauka cewa an fito da motocin ne daga gidan tarihi, aka kaɗe musu ƙura, aka zuba mai. Gaskiyar ita ce kowace daga cikinsu ta sha aikin watanni a gareji, kuma aikin yana da wani sharaɗi da ya bambanta shi da duk wani gyaran motar tsere: ana son motar ta yi gudu iya ƙarfinta, amma ba a yarda ta wuce fasahar zamaninta ba. Wuri ɗaya kawai aka buɗe wa kayan zamani ƙofa sosai, wato abin da zai kare ran direba.

Motar da ta fi dacewa a yi misali da ita ita ce Lotus Cortina, wadda ta cika irin wannan tsere a Turai.

Motar iyali da ta zama zakara

A farkon shekarun 1960, Ford Cortina motar magidanta ce a Birtaniya, ta kai yara makaranta da zuwa cefane. Wani jami'in kamfanin Ford mai suna Walter Hayes ne ya nemi Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, ya mayar da ita motar tsere.

Chapman ya ɗora mata inji mai girman cc 1,558 da kafireta biyu ƙirar Weber. Ya rage mata tsawo daga ƙasa, ya mayar da baturi cikin but, sannan a rukunin farko aka yi ƙofofi da bonet da murfin but da alminiyam domin rage nauyi. Dokar lokacin ta ce sai an ƙera aƙalla guda 1,000 na sayarwa kafin a bar ta ta shiga gasa a rukuninta. An fara ƙera ta a 1963, kuma zuwa 1966 an yi sama da 3,000.

Jim Clark, ɗan Scotland, ya lashe gasar ƙananan motoci ta Birtaniya da ita a 1964. Shekara guda bayan haka Sir John Whitmore ya lashe ta Turai. Wannan tarihin ne ya sa har yau masu kuɗi ke neman ta.

Takarda kafin sifana

Wanda ya sayi irin wannan mota da niyyar tsere ba ya fara da kwance noti. Takardu yake fara nema.

Hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, tana da wani sashe na dokokinta mai suna Appendix K, wanda ya shafi tsofaffin motoci kaɗai. Sashen ya kasa motoci zuwa zamani-zamani, kuma Lotus Cortina ta farko ta faɗa cikin rukunin F, na motocin 1962 zuwa 1965. Goodwood da gayyata ake shiga, kuma masu shirya bikin suna da nasu ƙa'idoji, amma waɗannan dokoki na FIA su ne ma'aunin da mafi yawan gasannin tsofaffin motoci a Turai ke bi.

Kowace irin mota tana da takardar rajistar da kamfaninta ya miƙa wa hukumar tun a wancan zamani. A ciki aka rubuta girman inji, irin kafireta, yawan giya, faɗin birki da mafi ƙarancin nauyin da aka amince da shi. Abin da ba ya cikin takardar, kuma ba a iya tabbatar da cewa an yi amfani da shi a gasa a lokacin ba, ba a ɗora shi.

Idan an gama haɗa motar, jami'i yakan duba ta, a ɗauki hotunanta, a ba ta wani fasfo da ake kira HTP, wanda ke aiki na shekara goma. Mai motar da ya yi gaban kansa ya sa giya biyar a madadin huɗu, ko ya ɗora kwamfutar sarrafa inji, ya yi asarar kuɗinsa, domin sai ya cire su kafin a ba shi fasfon.

A tuɓe ta ƙarfe zalla

Aikin hannu yana farawa ne da kwance motar gaba ɗaya: inji, giya, kujeru, wayoyi, gilasai. Sai a kankare fenti har a kai ga ƙarfe.

Dalilin shi ne tsatsa. Cortina ba ta da wani shasi na daban a ƙarƙashinta, gangar jikin ce ke ɗauke da komai. Idan tsatsa ta ci wurin da shokazoba ta gaba ke zama, ko wurin da sifirin na baya ke maƙale, duk saitin da za a yi wa ƙafafun motar aikin banza ne, domin jikin zai riƙa murɗewa a kowace kwana. Mai walda ne ke yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya sa sabo, sannan a auna jikin a tabbata bai karkace ba.

Daga nan sai a koma kan ƙarafan da ke ɗaukar wahala: sandunan sitiyari, aksul, da ƙarfen da taya ke juyawa a kai. Ƙarfen da ya shekara sittin yana aiki yakan yi tsaga siririya da ido ba ya gani. Ana gano ta da wani ruwa mai launi da ke shiga cikin tsagar, ko da maganaɗisu da garin ƙarfe. Duk abin da aka ga alamar tsaga a jikinsa, jefar da shi ake yi.

Tarihin Goodwood kansa ya nuna abin da ƙaramin abu ke jawowa. A ranar 2 ga Yunin 1970, Bruce McLaren, wanda ya kafa kamfanin McLaren, yana gwajin sabuwar mota a filin sai murfin bayanta ya ɓalle tana tsaka da gudu. Motar ta ƙwace masa, ta bugi wani gini a gefen hanya, ya rasu yana da shekara 32. Shi ya sa a motocin tsere ake ƙara wa bonet da but maƙalai na musamman, ake kuma ɗaure muhimman notuna da waya don kada girgiza ta kwance su.

Inda doka ta yarda da zamani

Direbobin farkon shekarun 1960 da yawa sun yi tsere ba bel, ba kejin ƙarfe, sanye da riga mai gajeren hannu. A Goodwood ne Stirling Moss ya yi hatsarin da ya kawo ƙarshen tserensa na ƙwararru a watan Afrilun 1962, inda ya shafe kusan wata guda bai san inda kansa yake ba. A wannan fanni babu mai son a koma yadda ake a da.

Abu na farko shi ne kejin bututun ƙarfe da ake kafawa a cikin motar, ta yadda ko ta wuntsila rufin ba zai danne direba ba. Sai kujerar tsere mai rungume jiki, da bel mai maɗauri da yawa da ke riƙe kafaɗu da ƙugu. Waɗannan kaya suna da wa'adi: bel ɗin da FIA ta amince da shi shekara biyar yake yi, bayan haka sai a sauya ko da bai taɓa ganin hatsari ba.

Akan sa tankin mai na musamman mai soso a ciki, wanda ke hana fetur watsuwa idan an yi karo, a kuma toshe duk wata kafa tsakanin but da ɗakin direba. Akwai na'urar kashe gobara mai bututu zuwa inji da wajen ƙafafun direba, da makunnin da ke yanke wutar motar baki ɗaya, wanda ake iya kaiwa gare shi daga ciki da kuma daga waje domin masu ceto. Gaba da baya kuma akwai ƙugiyar janwe mai launi mai haske.

Shi kansa direba yana sa hular kwano, da kayan da ba sa saurin kama wuta, da wani abin wuya da ke hana kai fizgewa gaba a lokacin karo, irin wanda aka wajabta a gasar Formula 1 tun 2003.

Kejin yana da wata fa'ida ta biyu. Yana ƙara wa jikin motar tauri, kuma jiki mai tauri ya fi jin saiti. Wannan na cikin dalilan da suka sa Cortinar yau ta fi ta zamanin Clark biyayya a kwana.

Taya ce ke yanke hukunci

Duk ƙarfin inji da na birki ta wurare huɗu suke isa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannu ba. Motocin rukunin F ba a ba su zaɓi: tayar tsere ta Dunlop suke sawa, mai irin zane da saƙar da ake yi a shekarun 1960.

Wannan taya siririya ce, kuma ba ta kama kwalta kamar ta zamani. Tana ba da mafi kyawun riƙonta ne a lokacin da take ɗan zamewa. Shi ya sa ake ganin motocin Goodwood suna shan kwana a karkace, bayansu na fita waje, direba yana ta gyara sitiyari. Ba burga ba ce, haka tayar ke son a tuƙa ta.

Saboda haka duk sauran saitin motar a kan tayar ake gina shi. Sifirin mai tauri sosai, irin na motar tseren zamani, zai sa ta riƙa tsalle ta saki ƙasa ba gargaɗi. Inji mai ƙarfin da ya wuce kima zai sa tayoyin baya su yi ta juyawa a banza suna ƙonewa.

Saitin ƙafafu

Dokar ta hana matsar da wuraren da ƙafafun motar ke haɗe da jiki, kuma shokazoba sai irin ta zamanin. Abin da ya rage wa makaniki shi ne taurin sifirin, kaurin sandar da ke hana mota kwanciya a kwana, tsawon motar daga ƙasa da kuma alaimen.

Ana farawa da awo. Akan ɗora kowace taya a kan sikelinta, direba na zaune a ciki, da mai a tanki gwargwadon na tsere. Abin da ake nema shi ne nauyin tayar gaba ta dama haɗe da ta baya ta hagu ya zo daidai da na sauran biyun. Idan ba haka ba, motar za ta zama kamar teburin da ƙafarsa ɗaya ta gaza: halinta a kwanar dama daban, a ta hagu daban.

Sai alaimen. Akan ɗan kwantar da saman tayoyin gaba zuwa ciki, domin idan motar ta jingina a kwana, tayar waje ta zauna daram a kan kwalta. Tsohuwar taya irin ta Dunlop ba ta son a kwantar da ita da yawa kamar ta zamani. Hanyar gane ko an dace ita ce auna zafin tayar da zarar motar ta tsaya, a gefen ciki, a tsakiya da gefen waje. Idan gefe ɗaya ya fi zafi sosai, shi kaɗai ke aiki. Idan tsakiya ce ta fi zafi, iska ta yi yawa.

Daga nan sai daidaita gaba da baya. Motar da gabanta ya yi tauri fiye da kima takan ƙi shiga kwana, ta nufi waje ko an murɗa sitiyari. Wadda bayanta ya yi tauri takan juyo da baya ta yi katantanwa.

Hotunan Jim Clark da suka fi shahara su ne waɗanda Cortinarsa ke shan kwana da taya uku, ta gaba ta ciki tana sama. Sakamakon saiti ne: gaba mai tauri, baya mai laushi. Tayar da ta tashi ba ta da wani aiki mai yawa a wannan lokaci, su kuwa tayoyin baya, waɗanda ke tura motar, suna manne da ƙasa, don haka direba na iya taka totur tun bai gama fita kwanar ba.

Filin ma yana da ta cewa. Goodwood fili ne na gudu, kuma yawancin kwanoninsa na dama ne, irin su Madgwick da Fordwater, inda ake buƙatar motar da ba ta firgita direba tana tsaka da gudu. Tayoyin hagu ne ke shan wuya a nan. Saitin da ya yi kyau a Goodwood ba lallai ya yi a ƙaramin fili mai matsattsun kwanoni ba.

Birkin da ba ya gajiya

Lotus Cortina tana da birki mai faifai a gaba da mai ganga a baya, kuma haka za ta zauna. Ba a yarda a sa mata manyan faifai na zamani ba. Abin da ake iya sauyawa shi ne takalmin birki, man birki da bututunsa.

Babban abokin gaba shi ne zafi. A ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar Lavant, direba yana taka birki da ƙarfi don shiga kwanar Woodcote, kafin birkin ya huce kuma ga wata matsattsiyar kwana a gabansa. Haka zai yi ta yi a kowane zagaye.

Man birki na DOT 4 da ake sa wa motocin gida an tsara shi ya jure aƙalla digiri 230 a ma'aunin Salshiyas yana sabo, amma idan ya tsotsi danshi ma'aunin kan sauko zuwa 155. Da zarar ya tafasa, kumfa ta shiga bututu, sai direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba komai. Man birkin tsere yana haura digiri 300, kuma ana yawan sauya shi. Akan kuma maye gurbin bututun roba da wanda aka naɗe da saƙar ƙarfe, domin roba na kumbura idan ta yi zafi.

Inji a ƙarshe

Sabon shiga yakan so ya fara da inji. Ƙwararru sukan bar shi sai ƙarshe, domin ƙarin ƙarfi a motar da ba ta tsayawa kuma ba ta shan kwana ƙarin haɗari ne kawai.

Lotus Cortinar da aka sayar wa jama'a tana da ƙarfin doki 105. Ta tseren zamanin Clark ta kai kimanin 145. A yau masu haɗa inji suna fitar da kusan 180 daga irin wannan inji, ba tare da ya haura iyakar cc 1,600 ta rukuninsa ba. Sirrin yana cikin ingancin ƙarfe, da injinan sassaƙa na zamani masu aiki daidai wa daida, da gwaji na shekara da shekaru a kan yadda iska da mai ke shiga da fita.

Amma abin da ya fi kashe injin tsere shi ne baƙin mai. A doguwar kwana, man kan taru a gefe ɗaya na kaskon da ke ƙarƙashin inji, famfo ya zuƙi iska na 'yan daƙiƙoƙi, ƙarfe ya gogi ƙarfe. Maganin shi ne a yi wa kaskon shinge-shinge a ciki da ke tsare man a kusa da bakin famfo. Akan ƙara na'urar sanyaya mai, a gyara lagireto, a sa babbar fitila a gaban direba da za ta kama idan matsin mai ya faɗi.

Giya huɗu ce, amma akan zaɓi haƙoran aksul na baya gwargwadon fili, ta yadda injin zai kai ƙarshen juyinsa daidai ƙarshen hanya mafi tsawo.

Tun 2024 wani sabon aiki ya ƙaru a Goodwood, domin duk tseren bikin an koma yin sa da fetur wanda aƙalla kashi 70 cikin 100 nasa ba daga ɗanyen man ƙasa aka samo shi ba. Duk sabon mai yana sa makaniki ya sake duba saitin kafireta da robobin da man ke bi.

Sai an gwada

Idan an gama haɗawa, sai ranar gwaji. Ƙa'idar ita ce a sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda, a fita a yi 'yan zagaye, a dawo a rubuta lokaci da iskar taya da abin da direba ya ji. Wanda ya taɓa abu uku a tare ba zai san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata.

A Goodwood akwai wani ƙarin ƙalubale. Gasar ƙananan motoci ta bikin, St Mary's Trophy, kashi biyu ake yin ta. A ɗaya ƙwararrun direbobi ne ke tuƙi, irin su Tom Kristensen wanda ya lashe tseren Le Mans sau tara, a ɗayan kuma yawanci masu motocin ne, sannan a haɗa sakamakon. Ƙwararre na iya son mota mai saurin juyo da baya, mai motar kuwa tana iya jefa shi cikin ciyawa. Dole a samo saitin da su biyun za su iya rayuwa da shi. A shekarun da gasar ta zama ta motocin 1960, akan ga ƙaramar Mini Cooper da Cortina suna fafatawa da ƙatuwar Ford Galaxie ta Amurka mai inji lita bakwai: babbar ta tsere a miƙaƙƙiyar hanya, ƙananan su kamo ta a wurin birki da kwana.

Tsohuwa ce ko sabuwa?

Duk wannan aiki ya haifar da muhawarar da har yau ba a gama ba. Fasfon HTP yana tabbatar da cewa mota ta dace da ƙirar zamaninta ne kawai, ba ya tabbatar da cewa a zamanin aka ƙera ta. Motar da aka sauya wa inji, aka sauya rabin jikinta bayan hatsari, aka sauya ƙafafunta saboda tsaga, nawa ne ya rage na 1965 a jikinta?

Kamfanin Jaguar ma ya shiga wannan fage. A 1963 ya yi niyyar ƙera motar tsere ta Lightweight E-Type guda 18, ya tsaya a 12. A 2014 ya sanar da ƙera sauran shidan, sababbi fil, da lambobin shasin da aka ware musu tun wancan lokaci.

Masu goyon baya na cewa ba adalci ba ne a nemi mutum ya jefa kayan tarihi cikin haɗari, musamman da yake an sayar da wata Ferrari 250 GTO a kan dala miliyan 48.4 a gwanjo a 2018. Masu suka kuwa na ganin cewa sababbin motoci masu tsohuwar fuska suna korar na asali daga fili, domin mai ta asali ba zai iya tuƙa ta da irin wannan ganganci ba.

Akwai kuma batun gudu. Motocin sun fi yadda suke a da ƙarfi da tauri, filin kuwa yana nan da faɗinsa da tudun ƙasarsa a kusa da hanya, kamar yadda yake lokacin da aka rufe shi a 1966 saboda wannan dalili. Siririyar tayar Dunlop da ƙaramin birkin da doka ta tilasta su ne ke riƙe da linzamin gudun. Shi ya sa a safiyar tsere, kafin a kunna ko inji ɗaya, jami'an bincike ke bin motocin ɗaya bayan ɗaya, suna duba lambar taya, da waldar keji, da kwanan watan da ke jikin bel.